Ƙofa ta Sittin da Bakwai

Lissafi na karanta, shi kuma nake koyarwa. Ɗakin kwamfuta na makarantarmu ya faɗo hannuna ne don kawai ni kaɗai ce cikin malamai nake da laftof, wata tsohuwa da na saya lokacin da nake karatun digiri na hutu. A taron malamai shugaban makaranta ya duba hagu ya duba dama, kowa ya sunkuyar da kai, sai ya miƙo mini makulli ya ce Allah ya taya riƙo.

Makarantar sakandaren 'yan mata ce ta jeka-ka-dawo, a wani ƙauye na ƙasar Dawakin Tofa. Gonaki sun kewaye ta ta ko'ina. Da damina idan gero ya tashi, daga titi ba a hango komai sai rufin kwano. Tsofaffin ɗalibai da wasu 'yan garin da ke aiki a birni ne suka haɗa hannu suka kawo mana kwamfutoci ashirin, da sola, da wata babbar kwamfuta baƙa da ake kira saba. A cikinta tambayoyin gwaji suke, irin na jarrabawar shiga jami'a, wadda yanzu a kwamfuta ake rubutawa. Yaranmu da yawa sun san amsa, amma ranar jarrabawa ita ce ranar farko da hannunsu ke taɓa linzamin kwamfuta. Abin da aka so a magance ke nan.

Sabar ba a ɗakin kwamfuta take ba. An ajiye ta a wani ƙaramin sito cikin ofishin shugaba, tare da batura, saboda ƙofarsa ta ƙarfe ce. Ba ta da allo, ba ta da kibod. Kebul ɗaya ne ya fito daga bayanta ya bi ta silin zuwa ɗakinmu. Wanda ya haɗa mana kayan, mutumin kirki ne daga birni, ya nuna mini yadda zan shiga cikinta daga laftof ɗita in ƙara tambayoyi. Ya kuma bar wa kansa hanya ta intanet, don idan wani abu ya lalace ya gyara daga inda yake. Bayan 'yan watanni ya sami aiki a kudu ya tafi, lambarsa ta daina shiga.

Zangon farko lafiya lau. A na biyu abin ya fara nauyi. Yarinya za ta danna tambaya ta gaba, ta zauna tana kallon allo har ta fara hira da ta kusa da ita. Datar da ke yi mana wata sai ta ƙare cikin sati. Idan na shiga ofishin shugaba ina jin fankar sabar ta bayan ƙofar ƙarfe tana gurnani ba tsayawa, ko ranar da ba a kunna kwamfuta ko ɗaya ba. Shugaba ya ɗauka malamai ne ke zuwa kallon fim, ya yi faɗa a taro, aka ɓata wa juna rai. Ni na san ba haka ba ne, don makulli a jakata yake kwana. Daga ƙarshe ya kira ni ya ce idan abin ya fi ƙarfinmu gara a rufe ɗakin har Allah ya kawo wanda ya sani.

Na ce ya ba ni wata ɗaya.

Ina da aminiya tun makarantar kwana. Iyayenta mutanen Borno ne da suka daɗe a Kano, can wajen Ungogo gidansu yake, kuma aikinta ke nan, kula da kwamfutocin wani kamfani a birni. Ni kuwa ta wajen uwa Bafillatana ce, don haka tun muna yara ba ma gaisawa sai da tsiya. Na kira ta na faɗa mata halin da ake ciki. Ta sa na shiga sabar, ta yi ta karanto mini umarni harafi-harafi ina rubutawa, har muka buɗe rajistar da na'urar ke ajiyewa ta duk wanda ya nemi shiga. Layuka ne ba iyaka. Ina kallo sababbi suna ƙaruwa. Adireshi iri-iri, kowanne yana gwada suna da kalmar sirri, a ƙi shi, ya sake gwadawa. Ta ce in yi sama in nemi inda aka rubuta an karɓa. Na samu. Ranar da abin ya faru ma hutu muke.

Ta ce, “Bafillatana, an daɗe da shigar muku gida. Wani ne yake amfani da na'urarku yana aikinsa, ku kuna ba shi wuta da data.”

Na tambaye ta wane ne, kuma me muka yi masa. Ta ce ba wanda ya san mu, na'urori ne kawai da ke zagaya intanet suna gwada duk adireshin da suka tarar, wanda kalmar sirrinsa ta yi sauƙi su shige. Tamu kuwa sunan garinmu ce da lamba uku a baya. Na daɗe ban ji kunya irin ta ranar ba, duk da ba ni na zaɓi kalmar ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya ta hau mota ta zo. Shugaba ya buɗe mana sito, ta kwafe tambayoyinmu, ta goge sabar gaba ɗaya, ta sake ɗora mata Linux, manhajar da ke tafiyar da ita, ta canja kalmar sirri. Fanka ta yi shiru. Amma hanyar da mutumin nan ya buɗe a rauta, wato ƙaramar na'urar da ke kawo mana intanet, ba ta rufu ba, don da kalmar sirrin rautar ya tafi. Ta ce kafin a warware wannan, sabar ce za ta kare kanta, da abin da ake kira fayawol. Na fara tunanin yadda zan tunkari shugaba da maganar sayen wani abu, sai ta ce ba saya ake yi ba. Yana cikin manhajar tun asali, kawai ba a ba shi doka ko ɗaya ba ne, shi ya sa kowa ke wucewa.

Na ce to ta sa mana kafin ta tafi. Ta ƙi. Ta ce idan ta sa, ranar da ya hana wani abu wucewa ba wanda zai san dalili, za a kashe shi ne kawai a koma gidan jiya. Za ta koya mini, amma hannuna ne zai rubuta. Na ji haushinta sosai a lokacin. Na raka ta bakin titi, sai da mota ta tsaya ta juyo ta ce in kira ta gobe bayan la'asar da biro a hannuna.

Sati biyu na yi ina koyo. Na sayi littafin rubutu na musamman. Bayan la'asar idan na gama girki sai in zauna a tsakar gida in kira ta, ko in karanta abin da ta turo mini. Abin bai kai wuyar da na zata ba, sai dai yana son natsuwa. Duk abin da ke tafiya tsakanin kwamfuta da kwamfuta a gutsuttsure yake tafiya, fakiti-fakiti. Kowane fakiti yana ɗauke da adireshin inda ya fito, da na inda za shi, da lambar ƙofar da yake nema a can. Masu aikin suna ce wa waɗannan lambobi fot, ni dai ƙofa nake ce musu har yau. Shafin tambayoyinmu ta ƙofa ta tamanin ake samunsa. Shigar da nake yi daga laftof ta ƙofa ta ashirin da biyu ce, kuma ita baƙin nan suke nema. Aikin fayawol shi ne ya duba kowane fakiti ya gwada shi da dokokin da aka jera masa, daga sama zuwa ƙasa. Dokar farko da ta dace da fakitin ita za a bi, ba za a ƙara duba na ƙasa ba.

Wannan ya yi mini daɗi, don irin tunanin da nake koya wa yara ne. Aminiyata ta ba ni wani umarni da ke nuna ƙofofin da sabar ke saurare, ta ce in duba kowacce in tambayi kaina wa yake buƙatarta. Wadda ban san dalilinta ba, a rufe. Na zauna na tsara dokokina a littafi. A bar sabar ta yi magana da kanta. A bar amsar duk maganar da ita sabar ta fara. A bar kwamfutocin ɗakinmu su shiga ta tamanin. A bar laftof ɗita kaɗai ta shiga ta ashirin da biyu, aka ma ba ta adireshi na dindindin saboda haka. Duk abin da ya rage a rubuta shi a rajista, a jefar. Wannan ta ƙarshen ita na fi so, har na ɗora ta a saman shafi da jan biro na ja mata layi.

Maigidana manomi ne, yana kuma sayar da iri da taki ranar kasuwa. Ba ya tambayata me nake rubutawa, amma ya lura tuwo yana makara. Wata rana ya leƙa littafin ya ce ya zata lissafi lambobi ne kawai, ashe har da Turanci mara wasali. Na ce masa ranar Asabar zai kai ni makaranta.

Ya kai ni da hantsi ya wuce gona. Makarantar ba kowa sai maigadi. Na kunna kwamfutoci uku na tabbatar komai na tafiya, na buɗe laftof, na shiga sabar, na buɗe littafina. Idona ya sauka kan jan biro. Na rubuta dokar nan ta a jefar da komai, na danna.

Allo ya tsaya. Na danna harafi, bai fito ba. Na rufe na sake neman shiga, shiru. Na duba kwamfutoci ukun nan, shafin tambayoyi ya ɓace. Sai da na yi kusan minti biyar kafin na gane abin da na yi. Na ce a jefar da komai kafin in ce a bar ni, sabar kuwa ta bi umarni, ta fara da ni. Ba sauran hanyar shiga sai an tsaya a gabanta an jona mata allo da kibod. Tana bayan ƙofa biyu, makullansu suna aljihun shugaba, ranar Litinin kuma 'yan aji shida ne da darasin farko.

Na kira shugaba, wayarsa a kashe. Na kira maigidana na ce ya dawo. Ya zo da laka har gwiwa, na hau bayan babur. A gidan shugaba aka ce yana gona tun da asuba, ana maimai, wato noma na biyu. Gonar tana bayan wani rafi, ga shi an yi ruwa kwana biyu a jere. Inda babur ya kasa muka jingine shi a gindin ɗorawa, na cire takalmi na tattare zani muka tsallaka. Muna tafe tsakanin kunya-kunyar gyaɗa ina shirya yadda zan faɗi maganar ba tare da na zubar da kaina ba, ban samu ba.

Muka tarar da shi cikin 'yan ƙwadago, da tsohuwar riga da malfa, fartanya a hannu. Ban taɓa ganinsa ba babbar riga ba. Bayan gaisuwa na yi masa bayani a taƙaice. Ya share gumi ya ce, “Malama, wato mutanen nan sun dawo sun kulle ki?”

Na ce, “A'a, ranka ya daɗe. Ni na kulle kaina.”

Ya tambaya ko su ma baƙin yanzu ba za su iya shiga ba, na ce ba wanda zai iya. Ya ce to ai an samu rabin aiki. Makullin sito ba ya ba kowa, saboda takardun jarrabawa a ciki suke, don haka ya ajiye fartanya ya biyo mu a kan nasa babur ɗin.

Siton ba tebur, ba wurin zama, ga zafin batura. Maigidana ya ɗauko allo da kibod daga ɗakin kwamfuta. Shugaba ya rungume allon a ƙirjinsa, ni na durƙusa na ɗora kibod a kan kwalin alli. Haka na rubuta dokokin ɗaya bayan ɗaya, wannan karon daga ta farko, ina karanta kowacce a fili kafin in danna. Da na gama na je na gwada daga laftof, ta shiga. Na gwada kwamfutoci ukun, shafi ya buɗe. Na kashe intanet ɗin makaranta a wayata na nemi shiga ta datar kaina, kamar baƙo daga waje, aka hana ni. Na buɗe rajista na nuna wa shugaba layina a cikin waɗanda aka jefar. Ya ce in ƙara gwadawa ya gani da idonsa.

Da yamma na ba aminiyata labari. Ta yi dariya har da tari, ta ce duk mai wannan aiki ya taɓa yin haka sau ɗaya. Ta kuma ce da na kashe sabar na kunna ma ya isa, ba sai an yi dakon allo ba, don dokar da ba a adana ba tana gogewa idan na'ura ta mutu. Nan na tuna ban adana nawa ba. Litinin da sassafe, kafin taron ɗalibai, shi na fara yi.

Litinin, Talata, Laraba, komai lafiya. Shafi na buɗewa nan take. Har na fara tafiya da ɗan taƙama.

Ranar Alhamis aka shirya gwaji na haɗin gwiwa. Wata makarantar 'yan mata ta ƙauyen gaba, wadda ba ta da kwamfuta, ta kawo 'yan aji shidanta a motar haya tare da malaminsu na kimiyya. An raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni awa ɗaya, motar kuma za ta dawo ɗaukarsu da azahar. Rukunin farko baƙin ne. Suka zauna, da yawansu hannu a cinya suna tsoron taɓa komai. Na ce a kunna.

Uku suka buɗe shafin tambayoyi. Goma sha bakwai suka ce ba su ga saba ba.

Na duba kebul, lafiya. Na duba wuta, lafiya. Laftof ɗita tana shiga sabar ba matsala, sabar kuma tana aikinta. Na kira aminiyata sau uku, ba ta ɗauka ba. Malamin baƙi ya tsaya a bayana ya harɗe hannu. Aka kira shugaba. Ya shigo ya dubi yaran, ya dubi agogo, ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

“Malama, abin nan da kika sa ne ko?”

Na ce ina zaton shi ne.

“To a kashe shi na yau kawai. Yaran nan daga nesa suka zo. Gobe ki mayar.”

Maganarsa ba ta rashin hankali ba ce, kuma umarni ɗaya ne zai kashe shi, na san shi. Amma na san idan na kashe yau ban gano dalili ba, gobe ma ba zan gano ba, kuma duk ranar da wani abu ya tsaya abin da za a ce ke nan. Na ce masa ya ba ni minti ashirin. Idan ban samu ba, zan cire kebul ɗin intanet, sannan in kashe fayawol ɗin, a yi gwaji ba wanda zai shigo sabar daga waje. Ya ce minti ashirin ta agogonsa. Na roƙi malamin baƙi ya nuna wa yaransa yadda ake riƙe linzami kafin nan, don su sami abin yi, shi ma ya bar bayana.

Na buɗe rajistar abin da fayawol ya jefar. Tunanina shi ne, in dai shi ya hana wani abu, to ya rubuta. Mafi yawan layukan na baƙin waje ne masu neman ashirin da biyu, na saba da su. Na bar su na bi a hankali da yatsa. Sai na ga wasu layuka daban, suna maimaituwa da yawa, duk sun fara ne daidai lokacin da na ce a kunna. Ƙofar da suke nema sittin da bakwai ce, wadda ba ta cikin littafina. A wurin adireshin mai aikowa kuma ba komai sai sifiri huɗu.

Na tsaya a kan sifirin nan. Ba daga waje suka zo ba, don rajistar ta nuna ta kebul ɗin ɗakinmu suka shigo. Wane ne zai aiko da saƙo daga cikin ɗaki alhali ba shi da adireshi? Na tashi na je kan ɗaya daga cikin kwamfutocin da suka ƙi, na duba adireshinta, ba irin namu ba ne. Na duba ɗaya cikin ukun da ke aiki, tana da nata daidai. Nan abin ya haɗu a kaina. Kwamfutocin ba su da adireshin kansu, aro ake ba su na 'yan kwanaki, kuma sabar ce ke bayarwa. Tun Asabar na rufe ƙofar da suke zuwa roƙo. Wanda ke hannunsu suka yi ta amfani da shi har wa'adinsa ya cika. Ukun nan kuwa su ne na kunna ranar Asabar da safe kafin in sa dokoki, sun sabunta nasu, shi ya sa suka ɗara sauran kwana. Na duba a wayata don in tabbatar, na ga lallai aikin ƙofa ta sittin da bakwai ke nan.

Na rubuta sabuwar doka: a bar duk mai neman wannan ƙofa, amma daga kebul ɗin ɗakinmu kaɗai. Na danna. Na sa aka kashe kwamfuta ɗaya aka kunna. Ba ta buɗe ba. Shugaba ya ce saura minti shida.

Na sa sabar ta jero mini dokokin da lambobinsu. Sabuwar tana can ƙasa, a bayan wadda ke jefar da komai. Fakiti ba zai taɓa isa gare ta ba. Abin da na haddace sati biyu, na kuma yi bayaninsa ga maigidana ko bai tambaya ba, shi na manta. Na goge ta, na sake shigar da ita a layi na uku. Na ce wa yaran kowacce ta kashe tata ta kunna.

Ta bakin taga ce ta fara buɗewa. Sai ta kusa da ita. Yarinyar da ke kai ta ɗaga hannu kamar a aji ta ce, “Malama, tawa ta zo.” Kafin in zagaya ɗakin duk sun zo. Na koma na adana dokokin kafin in yi wani abu, na rubuta sabuwar a littafi da dalilinta a gefe. Shugaba ya juya ya ce wa yaran su yi bismillah su fara. Rukuni na ƙarshe ya gama ana kiran sallar azahar, direba yana ta danna ham a bakin ƙofa.

Sai bayan la'asar aminiyata ta kira, ta ce taro ne ya riƙe ta. Na ba ta labari tun daga farko. Ta ce laifinta ne. Fakiti iri biyu ne, akwai wanda ake gaisawa tukuna a riƙe magana, akwai wanda ake jefawa kawai kamar saƙo, kuma umarnin da ta ba ni na duba ƙofofi iri na farko kaɗai yake nunawa, harafi ɗaya ta manta. Na ce ba komai, ai na gano. Ta ce ta ji, kuma daga yau kada in ƙara damunta da ƙananan tambayoyi, Fulani sun waye. Na ce Barebari dai ba su iya ba da umarni cikakke ba.

Maganar rautar ta ɗauki wata biyu kafin aka samu waɗanda suka ba mu intanet suka turo mutum ya sake saita ta, aka rufe hanyar nan ta waje. Ban cire dokokina ba. A cikin yaran shekarar wasu sun ci jarrabawar, wasu ba su ci ba, amma ba wadda ta dawo ta ce kwamfuta ce ta ruɗa ta. Ɗaya daga cikin yaran makarantar ƙauyen gaban nan na haɗu da ita a kasuwa bara, ta durƙusa ta gaishe ni, ban gane ta ba sai da ta ce ita ce ta bakin taga. Tana karatun aikin jinya.

Malama mai koyar da Turanci da malamin kimiyyarmu yanzu duk sun iya jero dokokin su karanta, na zaunar da su sau uku a lokacin hutun tara. Ni kuma duk Alhamis idan na tashi daga aji na biyu ina buɗe rajista in duba abin da aka jefar a satin. Abin da ban yi ba har yanzu shi ne tace abin da ke fita daga sabar. A yanzu duk inda ta so magana tana yi, kuma na karanta cewa gara shi ma a taƙaita shi. Ya fi na shigowa wuya, don sai na san kowane wuri da take zuwa ɗauko gyara da saita agogonta. Na fara jera su a sabon shafi, na kai guda biyar, kuma na riga na gaya wa shugaba cewa ranar da zan gwada yana ofis, ba ya gona.